Bakri Ziyada da Shayin Darrasa

A shekarar 1987 na fara haɗuwa da Malam Bakri, a wani filin wasa da ke Ma'adi, kudancin Alƙahira. Shekarata guda ke nan a Masar, ina aikin fassara a ofishin wata ƙungiyar agaji. Ɗana Haruna ya shiga ƙungiyar yara masu wasan besbol, wasan nan na Amurkawa da ake bugun 'yar ƙwallo da sanda a ruga a kewaye fili. Ran nan yaron ya sami ƙwallo da kyau, sai ya tsaya yana kallonta a sama. Na manta inda nake, na ɗaga murya da Hausa.

"Kai, ruga mana! Me kake kallo?"

Sai wata murya a bayana ta ce, "Ƙyale shi, Malam. Ranar da mutum ya fara samun ta, dole ya tsaya ya yi mamaki."

Na waiwaya na ga wani dogon mutum, ya naɗe jallabiya zuwa gwiwa, da hular 'yan wasa a kansa, riƙe da gwangwanin farar ƙasa da yake zana layukan fili da ita. Shi ne mai kula da filin. Hausarsa irin ta kakata ce, da kalmomin da rabona da jin su tun ina yaro a Wusasa. Da ya ji daga ƙasar Zazzau nake, sai ya ajiye gwangwanin ya tafa hannu.

"Bazazzagi! Ashe har nan bayinmu suka iso?"

Na ce, "Kai kuma daga wace unguwa a Kano?"

Ya ce bai taɓa zuwa ba. A Sudan aka haife shi, a wani gari na Hausawa a bakin kogi, ya zo Alƙahira yana saurayi. Tun daga ranar nake ce masa Bakanon da bai taɓa ganin Dala ba, shi kuma yana ce mini Bazazzagi, ko Ɗan Mishan in ya so ya ja ni da faɗa.

A makarantar mishan an koya mana cewa in za ka ba da labarin mutum, ka raba abin da ka gani da abin da aka faɗa maka. Zan yi ƙoƙarin bin wannan.

Abin da na gani shi ne mutum mai son abu biyu, kuma a wajensa abu ɗaya ne. Na farko besbol. Kusurwoyin filin nan da mai bugu yake bi, Turawa suna da sunan da suke kiransu, shi kuwa zango yake ce musu: zango na fari, na biyu, na uku, sai gida. Ya taɓa ce mini, "Kakana ya bar ƙasar Kano da ƙafa, ya je Makka ya sauke farali. A hanyar dawowa ya tsaya a Sudan yana noman auduga don ya sami guzuri. Yana nan a zango na uku har yau, a cikin kabarinsa. Ba a sami wanda zai bugo masa ƙwallon da za ta kai shi gida ba." Yana son wasan, in ji shi, don ba a buga shi da agogo. Muddin ba a fitar da kai ba, kana da sauran dama.

Na biyu shi ne tarihin Alƙahira. A Darrasa yake zaune, tsohuwar unguwar da ke jikin masallacin Azhar, cikin shagunan littattafai da ɗalibai. Bai karanta tarihi a makaranta ba. Ya tsince shi a bakin masu shaguna da masu sharar masallatai da tsofaffin littattafan da ake zubewa a gefen titi. Duk ranar Asabar da safe yakan tara sababbin ɗaliban da suka zo daga Najeriya da Nijar, su taho daga unguwar Madinat Nasr a mikrobas, ƙaramar bas ta haya, ya ja su da ƙafa cikin lunguna. Ba ya karɓar ko sisi. Yakan nuna musu ƙofofin tsohon birni, da ɓangaren da ɗaliban Barno suke sauka a da, ya gaya musu cewa unguwar Bulaƙ Dakrur daga sunan mutanenmu 'yan Takrur ta samo sunanta. "Kada wanda ya yi tafiya a garin nan yana sunkuyar da kai," yakan ce musu. "Kakanninku sun riga ku shan ruwansa." In ya ga sun fara gajiya, sai ya ba su labarin Amurkawan da suka zo a 1889 suka buga besbol a cikin yashi kusa da manyan dalar nan na Masar, ya kwaikwayi yadda ƙwallo take nutsewa a rairayi, har su manta da ƙafafunsu.

Ni Kirista ne, kuma ba ɗalibi ba, amma bayan na yi ritaya, matata Sabuwa ta rasu, Haruna ya koma Kaduna, sai tafiyar Asabar ta zama tawa ni ma. In hau metro, jirgin ƙasa na cikin gari, daga Ma'adi, in kama mota zuwa Darrasa, in bi bayan ayari.

Yanzu sai in yi bayanin shayi, domin a kansa labarin yake. A Darrasa ba a tsayawa a ƙofar shagon mutum a yi magana a wuce. Mai shago zai ɗaga hannu, a kawo shayi daga shagon gahawar da ke kusa, a cikin ƙananan kofunan gilashi. Kowa an san yadda yake sha. Mai son sukari daidai, a ce mazbut. Mai son a zuba masa da yawa, a ce ziyada. Bakri kuwa tun yana saurayi ziyada yake sha, har kalmar ta zama sunansa: Amm Bakri Ziyada, Amm ɗin kamar a ce Baffa. Kuma tafiyarsa a kan shagunan nan take. Wannan ne yake da mabuɗin tsohon masaukin fatake, wancan ne kakansa ya ga lokacin da aka rushe bango kaza. Kowane zango da shayinsa. Na ƙarshe shi ne shagon Hasan mai ɗinkin littattafai, wani tsohon Bamisire mai kaifin baki, wanda ta bayan shagonsa ake hawa soro a hango hasumiyoyin birnin gaba ɗaya.

A ƙarshen shekarar 2022 Bakri ya ɓace. An ce ya je ya kwana biyu a gidan 'yarsa Mahasin a Madinat Nasr. Da abin ya yi tsawo, na je. Mahasin ce ta buɗe mini, ta tare ni a bakin ƙofa kafin in shiga.

"Baba Iliya, ciwon sukari ne. Ya daɗe da shi, bai gaya wa kowa ba. Wani ɗan miki ne a ƙafa ya ƙi warkewa, an cire masa ƙaramin yatsa. Dakta Samar ta ce in sukarin bai sauka ba, nan gaba ƙafar ce za ta tafi daga idon sawu. Don Allah ka yi masa magana, ni ba ya jin tawa."

Na same shi a kishingiɗe, ƙafar hagu a naɗe a kan matashi, yana juya wata tsohuwar ƙwallon besbol a hannu.

Na ce, "Bakano, yaya jiki?"

Ya ce, "Lafiya lau. Tamam. Hutu nake yi."

"Hutun da ake barin yatsa a asibiti?"

Ya harari ƙofar da Mahasin ta fita. Sannan ya ce, "Ka san tsofaffin masallatan nan da nake nuna muku, waɗanda bangonsu ya yi jiƙe-jiƙe? Ba ruwan sama ne yake cin su ba. Ruwan ƙasa ne, yana hawowa a hankali ta cikin dutse, sai ka ga gishiri ya fito. Shekara nawa ina nuna wa yara wannan, ashe ni ma haka ake yi mini." Ya jefa ƙwallon sama ya cafe. "Amma ba a fitar da ni ba tukuna. Ƙafar nan ba za ta je ko'ina ba. Da ita na san garin nan, da ita zan ci gaba."

Kuma ya yi abin da ya faɗa. Na gani da idona. Ya bar farin burodi, ya bar basbusa, kek ɗin nan mai zaƙi da yake mutuwar so, ya koma cin wake da ganye da ɗan abin da likita ta yarda. Yana shan maganinsa a kan lokaci. Kowace safiya yana duba tafin ƙafarsa da madubi. Da mikin ya rufe, aka yi masa takalmi mai faɗi, likita ta ce ya riƙa tafiya. Ya fara da baranda, ya koma titin gidan, da sanda a hannu. Da bazara ta shigo ya ce zai koma Darrasa, tafiyar Asabar za ta dawo.

Na ce, "To shayin fa?"

Nan ne muka yi faɗanmu na farko na gaske. Na ce abu mai sauƙi ne, ya ce a kawo masa ba sukari. Ya ce in Bakri Ziyada ya ce ba sukari, kafin azahar duk Darrasa ta san ba shi da lafiya.

"To su sani mana. Ciwo laifi ne?"

"Kai Ɗan Mishan, an koya muku zuwa asibiti kuna faɗin komai. Ubana har ya rasu ba wanda ya taɓa jin sunan ciwonsa a bakinsa. Ban da haka, ka san abin da mutanen nan suke yi wa mara lafiya? Kujera. Da ka doso za a jawo maka kujera. Alf salama, sannu da jiki ya Amm Bakri, zauna ya Amm Bakri, kada ka hau soro ya Amm Bakri. Su riƙa maganarka a gabanka kamar ka riga ka tafi. Na ga an yi wa wasu. Ni ba zan zauna ba."

"To ka ƙi sha kawai."

Ya dube ni kamar na yi saɓo. "In ƙi shayin Hasan? A ƙofar shagonsa, a gaban baƙi?"

Ya yi ta juya ƙwallonsa. Can sai na ga fuskarsa ta washe, na san kuma akwai magana.

"Bazazzagi, a besbol in mai bugu ba zai iya ba, doka ta yarda wani ya karɓi sandarsa ya buga a madadinsa."

Haka na zama mai shan shayin Bakri. Ga yadda muke yi. In mun isa shago, za a kawo nasa ziyada, a kawo nawa mazbut. Sai in shanye nawa da wuri, ko da yana ƙona harshe. Shi kuwa yana riƙe da nasa, yana kaiwa baki ba ya sha, yana zuba labari. Can sai ya taɓa bakin hularsa, ya taɓa kunne, irin alamar da masu horar da 'yan wasa suke yi wa yaransu a fili. Sannan ya ɗaga sanda ya nuna wani abu a sama. "Ku dubi tagar can, ku gaya mini me ya bambanta ta da ta kusa da ita." Duk idanu su koma sama, har da na mai shago, domin Bamisire ba ya jin an yi maganar ginin unguwarsa bai duba ba. Ni kuwa in musanya kofunan. Da an sauko da kai, ga Bakri da kofi wayam yana cewa, "Allah ya ƙara arziki, ya Hajj," ga ni ina kurɓar wani abu mai kama da zuma.

Na yi shekara saba'in da biyar ban taɓa yin abin da ya ba ni dariya irin wannan ba. A metro, a hanyar komawa, sai in tuna in yi ta murmushi ni kaɗai. Kuma dabarar ta yi aiki. Duk lokacin da ya je asibiti, Mahasin takan kira ni ta ce sukarin yana sauka, ƙafar tana kyau. Tafiyarsa ta ƙara tsawo. Ya koma hawa soron Hasan, a hankali, yana hutawa a tsakiya da sunan yana bayanin matakalar. Ranar Juma'a kuma yakan je filin Ma'adi, ko da yake ya daɗe da barin aikin, ya zauna yana yi wa sabon mai zanen layi tsiya cewa layinsa ya karkace.

Sai kuma ya ƙara ranar Talata, don ɗaliban da ba sa samun Asabar. Na ƙara Talata ni ma.

Wajen ƙarshen zafi na fara jin wani iri. Ƙishirwa ba ta ƙarewa. Duk inda muka wuce tulun ruwan sadaka da ake ajiyewa a bakin titi sai na tsaya. A kowane masallaci sai na nemi banɗaki. Wata Talata a Bab Zuwaila, tsohuwar ƙofar birni ta kudu, jiri ya ɗebe ni har na dafa bango. Na je na ga likita a Ma'adi. Ya ce sukarina ya hau, bai kai na ciwo sosai ba amma yana bakin ƙofa, ya tambaye ni me nake ci haka. Na ce shayi ne kawai. Ya ce in rage.

Na yi lissafin abin a raina. Ni ana maganar in rage ne, shi kuwa ana maganar ƙafa. Na yanke shawara zan ci gaba, in rage wani abin a gida. Da Asabar ta zo Bakri ya dube ni a tashar mota, ya daɗe yana dubana.

"Ɗan Mishan, yaya jiki?"

Na ce, "Lafiya lau. Tamam."

Ran nan mun yi tafiyarmu, na sha nawa na sha nasa. Na lura dai ya gajarta hanya, ya tsallake shaguna biyu, ya ce rana ta yi zafi. Da za mu rabu ya ce mako mai zuwa babu tafiya, yara suna da jarrabawa. Na yi mamaki, domin ba lokacin jarrabawa ba ne, amma na ji daɗin hutun.

Asabar ta sama muka haɗu kamar kullum, da ɗalibai wajen goma sha biyu. A shagon farko, na mai sayar da turare, tun daga nesa na ga mutumin ya fito da kujera ya ajiye a bakin ƙofa.

"Alf salama, ya Amm Bakri! Zauna, zauna. A hankali."

Na dubi Bakri. Fuskarsa ba ta motsa ba. Ya zauna a kujerar. Aka kawo shayi. Na ɗauki nawa na kurɓa da sauri yadda na saba, sai na ji ɗaci ya cika mini baki. Babu sukari ko ƙwaya. Na jira alamar hula da kunne, ba ta zo ba. Bakri ya ɗaga kofinsa ya sha da kansa, ya yamutsa fuska, ya ci gaba da bayanin masu turaren da suke zuwa daga Yaman a da.

Haka a shago na biyu, haka a na uku. Kujera, alf salama, shayi mai ɗaci guda biyu. Wata mai sayar da burodi ta riƙe hannunsa tana ba shi labarin mijin yayarta da aka yanke wa ƙafa biyu, a gaban ɗalibai. Ya saurare ta har ta gama, ya yi mata godiya. Duk abin da ya ce za a yi masa, an yi.

A shagon Hasan, tsohon ya tare ƙofar baya da jikinsa.

"Ba za ka hau ba. Wallahi ba za ka hau ba. Ka faɗo mini a matakala in ce wa 'yarka me?"

"Ya Hasan, matsa. Likita ce ta ce in riƙa hawa."

"Ƙarya kake."

"To rabin ƙarya. Matsa."

Suka yi ta yi, har Hasan ya yarda bisa sharaɗin ɗalibi ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Suka hau. Ni na tsaya a ƙasa, gwiwoyina ba sa son matakalar nan. Hasan ya koma kan teburinsa, ya ɗauki allura da zare, ya dube ni ta saman tabarau.

"Kai kuma, ya Ustaz Iliya, ba ka da kunya. Wata nawa kana shanye mini shayin mutum."

Na ce, "Ka sani?"

"Ban sani ba sai ranar Asabar da ta wuce. Ya zo shi kaɗai da sandarsa. Ya zauna a nan inda kake, ya cire takalmi, ya cire safa, ya ɗora ƙafar a kan wannan akwatin ya ce in duba. Shekara arba'in na san mutumin nan, ban taɓa jin ya ce kansa yana ciwo ba. Ya ce daga yau shayinsa babu sukari. Ya ce na abokinsa ma babu, kuma duk wanda ya sa maka ko rabin cokali, shi da shi ne." Ya ja zaren ya ƙulla. "Daga nan ya mayar da takalminsa ya tafi. An ce haka ya bi su duka, tun daga mai turare, kowanne sai da ya cire takalmin."

Daga saman soro ina jiyo muryar Bakri yana ce wa ɗalibai su dubi gabas, su fara ƙirga hasumiyoyin daga hagu. Hasan ya turo mini kofina da bayan hannu.

"Sha kafin ya huce. In ya huce ya fi haka ɗaci."